Tayar Baya Mai Faɗi a Ƙaramin Dabbab: Me Ake Samu, Me Ake Rasawa, Kuma Ina Murur Ta Tsaya?

Duk wanda ya taɓa bi ta Kornish, titin bakin tekun Jidda, ko wajen Abhur a daren Alhamis ya san yadda samari masu babur ke jeruwa, kuma in ka lura, ido ba ya fara sauka a kan inji, a bayan mashin yake sauka. Taya mai faɗi ita ce ado. Shi ya sa yaranmu na Jidda da Makka da suka samu suka sayi ƙananan baburan gudu irin su Yamaha R3, Ninja 250, Ninja 300 ko CBR250R, da zarar mashin ya kwana biyu a hannu sai maganar "kafar arid" ta taso, wato a cire tayar baya ta kamfani a sa wadda ta fi ta faɗi don mashin ya yi kama da manyan nan masu inji 600 ko 1000.

To amma maganar ta rikice. Wani ya ce shi ya sa taya mai lamba 160 kuma lafiya lau yake yawo, wani ya ce bakanike a sina'iyya, unguwar gareji, ya ƙi yi masa aikin sam, wani kuma ya ce ai yanzu murur, wato 'yan sandan hanya, na kama duk dabbab, wato babur, ɗin da aka taɓa, wani ya ce ƙarya ne fahas, wato wurin gwajin lafiyar abin hawa, ma ba ta kallon taya. Kusan kowa na da ɗan gaskiya a bakinsa, matsalar ita ce ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Akwai canja taya kaɗai, akwai canja wili gaba ɗaya, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Lambobin da ke jikin taya

Sai an fara da nan, don rabin gardamar rashin karanta lambobin nan ne. A gefen tayar R3 za ka ga an rubuta 140/70-17. Lamba ta farko, 140, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 70, ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 70 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 98. Ta uku, 17, girman wilin ne a inci, abin da a nan ake ce wa jant. In ka ga harafin R a tsakani kamar 150/60R17, to radiyal ce, wato zaren da ke cikinta ya tsallaka kai tsaye daga gefe zuwa gefe. In kuma ɗan layi ne kawai, to tsohon saƙi ne wanda zarurrukan ke gicciye da juna.

Sai wata lamba da harafi a ƙarshe da mutane ba sa kulawa da su, misali 66H. Wannan 66 ɗin na nufin tayar na ɗaukar kilo 300, H kuma na nufin an yi ta ne don gudun da bai wuce kilomita 210 a awa ba. S 180 ne, V 240, W 270.

Abin da ba a rubuta a jikin taya ba, kuma shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, shi ne faɗin shi wilin. Wannan a jikin jant ake samunsa ko a littafin mashin, za ka ga kamar 17 x 4.00, ma'ana tsakanin leɓɓan wilin inci 4 ne, kusan milimita 102. Ninja 250R ta 2008 zuwa 2012 ta zo da wilin inci 3.50 da taya 130/70. Ninja 300, R3 da CBR250R sun zo da inci 4.00 da taya 140/70. Ninja 400 da KTM RC 390 su ma inci 4.00 ne amma kamfani ya sa musu 150/60. Masu matsakaicin girma irin Ninja 650 da CBR500R inci 4.50 ne da 160/60. Su kuwa 600 ɗin da ake kwaikwayo, wilinsu inci 5.50 ne da taya 180/55. Ka riƙe wannan jerin a ka, za mu yi ta komawa kansa.

Ina son faɗin ya samo asali

Ba tun asali babura ke da taya mai faɗi ba. Honda CB750 ta 1969, wadda a zamaninta ita ce dodon hanya da ƙarfin doki kusan 67, tayarta ta baya inci 4 ce kacal, ba ta kai faɗin ta R3 ta yau ba alhali ta fi R3 ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda R3 wajen doki 42 gare ta. Abin da ya faru shi ne daga shekarun 1980 ƙarfin injuna ya yi ta hawa, sai ya zama siririyar taya ba ta iya jure zafin da ƙarfin ke haifarwa, tana narkewa tana cinyewa da wuri. Sai ga radiyal ta shigo, Michelin ta fitar da tata ta kan titi a 1987, ita ce ta ba da damar yin taya mai faɗi mai gajeren gefe wadda ba ta lanƙwashewa. Yau babur mai 1000 na fitar da doki wajen 200, dole ya nemi 190 ko 200 a baya.

Ka ga ke nan faɗin amsa ce ga wata matsala, matsalar ƙarfi da zafi da nauyi. Da ido ya saba ganin mashin mai ƙarfi da ƙatuwar taya sai ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun, faɗi ya zama alamar ƙarfi. Kamfanoni ma sun san da haka, wani ɓangare na faɗin da suke sa wa ƙananan mashina don kasuwa ne.

Ga wani abu da ke ba mutane mamaki. Baburan gasar Moto3, masu inji 250 da ke kwanciya a kwana kamar za su shafi ƙasa da gwiwar hannu, tayarsu ta baya ba ta wuce milimita 120 ba. Waɗannan mutane ne da ke kashe maƙudan kuɗi don rage ɗan ƙanƙanin daƙiƙa, da faɗi na ƙara wa ƙaramin mashin gudu da tuni sun sa.

Hanya ta farko: taya kaɗai, wili na nan

Wannan ita ce wadda aka fi yi don ita ce mai arha, ka je banshar, wato wurin mai faci, ko warshar dabbabat, wato garejin babura, a cire tsohuwa a sa sabuwa shi ke nan. Kowace taya kamfanin da ya yi ta yana bayyana faɗin wilin da ta dace da shi. 140/70 tana zama daga inci 3.50 zuwa 4.50. 150/60 tana son 4.00 zuwa 4.50. 160/60 an zana ta ne a kan 4.50. 180/55 kuwa sai 5.50.

Saboda haka mai R3 ko Ninja 300 da ya sa 150/60 bai fita daga layi ba ta fuskar wili, tunda mun ga Kawasaki da KTM da kansu suna sa wannan girman a wilin inci 4. Mai tsohuwar Ninja 250R shi ma 140/70 za ta zauna masa. Taki ɗaya ke nan. Rigimar tana farawa ne a taki na biyu, lokacin da aka ce sai 160 a kan inci 4, ko 150 a kan 3.50.

Tayar babur ba kamar ta mota ba ce da ke shimfiɗe, ita zagaye take kamar bayan ƙwarya, saboda mashin kwanciya yake yi a kwana. In ka tilasta taya mai faɗi ta shiga siririn wili, leɓɓanta biyu ne za ka matse su kusanci juna, sai tsakiyar ta tashi ta yi tsini gefunan kuma su naɗe su koma ciki. Ka ɗauki faifai ka matse bakinsa biyu ka gani, haka yake. Sakamakon shi ne a miƙaƙƙiyar hanya wurin da ke taɓa kwalta ya ragu maimakon ya ƙaru, tsakiya ta riƙa cinyewa da wuri, gefen da aka biya kuɗi dominsa kuma ba zai taɓa ganin ƙasa ba har tayar ta mutu. Sannan in an zo kwana mashin ba ya kwanciya a hankali yadda aka saba, sai ya tsaya ya tsaya sannan ya faɗa lokaci guda. Abin dariyar ma shi ne in ka sa awo, 160 ɗin da aka matse ba ta cika 160 ba, wato ko adon ma ba a samu cikakke ba.

Akwai kuma lissafin tsayi da mutane ke mantawa. 140/70-17 daga ƙasa zuwa sama milimita 628 ce. 150/60-17 kuwa 612 ce, ta fi faɗi amma ta fi gajarta da milimita 16. Wato bayan mashin ya sauka da milimita 8, kan mashin ya ɗan yi nauyin juyawa, inji kuma zai ɗan ƙara juyi a gudu iri ɗaya kamar an rage giya kaɗan. In malejin mashin daga giya ko wilin baya yake karanta gudu, zai ƙara ƙaryar kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari, ya nuna 100 alhali abin da a da yake kira 97 da rabi kake yi. In kuma aka sa 150/70, abin ya juya: tsayinta 642, bayan ya ɗaga, maleji ya riƙa nuna ƙasa da yadda ya saba, kuma a ƙasar da kamarorin Sahir masu kama gudu ke kowace kusurwa wannan ba abin wasa ba ne. Masu ABS, na'urar da ke hana birki kulle wili, su ma abin ya shafe su, don na'urar tana kwatanta juyin wilin gaba da na baya ne, ɗan bambanci tana haƙura da shi amma in ya yi yawa lissafinta ya karkace.

Sai sarari. Tsakanin gefen taya da sarƙa, janzir a bakin mutanen warsha, 'yan milimita ne kawai a ƙananan mashina. Haka tsakaninta da hannuwan ƙarfen nan biyu da ke riƙe da wilin baya, wanda ake ce wa magas. Bakanike zai ɗaga mashin ya juya wili da hannu ya ce ka gani ba ta taɓa komai, alhali taya tana kumbura in ta yi zafi tana gudu, musamman tsohon saƙi, sarƙa kuma tana kaɗawa hagu da dama. Abin da bai taɓa a tsaye ba zai iya gogawa a hanyar Makka ana kan 120.

Hanya ta biyu: a canja wilin gaba ɗaya

Masu ɗan sani sukan ce to ai maganin matsewa shi ne a nemo wili mai faɗi, inci 4.50 ko 5, daga tashlih, inda ake sayar da kayan ababen hawa da aka farke, ko a yi oda daga waje. Gaskiya ne wannan yana gyara siffar tayar. Sai dai daga nan aikin ya tashi daga na mai faci ya koma na mai injin sassaƙa ƙarfe.

Wilin wani mashin ba ya shiga wani haka kawai. Sandar da ke ratsa tsakiyar wili kaurinta ya bambanta, don haka sai an canja boris ko an sassaƙa hannun riga na ƙarfe da zai cike gurbin. Zobban da ke tsare wili a hagu da dama sai an yanka sababbi, kuma ba da ƙiyasin ido ba. Farantin birki na sabon wili zai iya fin na da girma ko ya zauna a wani wuri daban, sai an ƙera sabon mariƙin birki, wato ƙarfen da ranka ke rataye a kansa wani ne zai yanka shi a warsha. In mashin mai ABS ne, zoben nan mai ramuka da na'urar ke karantawa dole adadin ramukansa ya yi daidai da na asali, in ba haka ba fitila ta kama, ABS ta daina aiki.

Amma babban ciwon kan shi ne layi biyu da dole su daidaita a lokaci guda. Na farko, tsakiyar tayar baya ta kasance a bayan tsakiyar tayar gaba daidai. Na biyu, tirs ɗin baya, wato farantin haƙoran da sarƙa ke hawa, ya kasance a layi ɗaya da ƙaramin tirs na jikin inji. Da wilin kamfani duka biyun sun daidaita. Da wili mai faɗi, in ka tsayar da taya a tsakiya sai ta ture sarƙa waje, in ka bar sarƙa a wurinta sai taya ta koma gefe guda. Masu gaggawa na biyun suke yi, su tura wilin dama da 'yan milimita, sai ka ga mashin yana son kwanar hagu ya ƙi ta dama ko akasin haka, in ka saki kai ya riƙa ja gefe. Masu yin aikin da kyau kuma sai su nemo ƙaramin tirs mai tudu wanda ke fito da sarƙa waje, wannan yana daidaita layi amma yana ƙara wa boris ɗin sandar giya nauyi tunda jan ya yi nisa da gindinsa, kuma wani lokaci sarƙar ta fara shafar firam. Daga nan ne ake kaiwa ga a ce a canja magas ɗin ma gaba ɗaya, in an canja shi kuma sai maganar shokazoba da mahaɗinta ta taso. Abu kamar wasa ƙaramar magana ta zama babba.

Kar a manta da nauyi. Wili mai faɗi da tayarsa sun fi na asali nauyi, abin kan kai kilo ko fiye. Kilo ɗaya a kan wili ba daidai yake da kilo ɗaya a cikin jakar baya ba, saboda inji sai ya juya shi sannan ya tura shi gaba, birki sai ya tsayar da juyin nasa, shokazoba kuma wadda aka auna ta da wili mara nauyi ita za ta riƙa fama da shi a kowane matabb, tudun rage gudu. Mashin mai doki 200 ba zai ji ba. Mai doki talatin da 'yan kai zai ji tun daga danja ta farko.

Shin da gaske tana ƙara riƙe ƙasa?

Nan ne ɓangarorin suka rabu, kuma ya kamata a ji kowa.

Masu goyon baya suna cewa roba mai yawa a ƙasa ai riƙo mai yawa ne, kuma da yawansu za su rantse maka cewa tun da suka canja mashin ya fi zama. Ba ƙarya suke yi ba game da abin da suka ji. Sai dai in ka bincika, yawanci sun cire tsohuwar tayar kamfani ce mai tsohon saƙi wadda ta sha rana ta bushe, suka sa sabuwar radiyal mai laushi ta Pirelli ko Michelin ko Bridgestone. Abu biyu suka canja a lokaci guda, faɗi da inganci, sai aka ba faɗi ladan da na inganci ne. Suna da wata hujja mai ƙarfi kuma: a da, tayoyin gudu masu kyau sun fi samuwa a 150/60 fiye da 140/70, don haka wanda ke son roba mai kyau dole ya ƙara taki ɗaya. Wannan giɓin ya ragu sosai tun da ƙananan mashinan nan suka yi kasuwa a duniya, amma a shagon da ke kusa da kai abin da ke kan kanta shi ne ke yanke hukunci.

Masu adawa kuma suna cewa girman wurin da ke taɓa kwalta, wanda bai wuce tafin hannu ba, nauyin mashin da yawan iskar da ke cikin taya ne suka fi ƙayyade shi, ba lambar da ke gefe ba. Faɗi yana canja siffar wurin ne fiye da girmansa. Suna ƙara da wani abu da lissafi ya tabbatar: in mashin ya kwanta, wurin taɓa ƙasa yana matsawa daga tsakiyar taya zuwa gefe, kuma iya faɗin taya iya nisan matsawar, shi ya sa mai taya mai faɗi sai ya ƙara kwanciya kafin ya sha kwanar da mai siririya zai sha a gudu iri ɗaya. Ga kuma rashin jituwa da gaba, tunda tayar gaba tana nan a 110 ɗinta, an zana su ne su kwanta tare.

Akwai na tsakiya, su ne yawancin tsofaffin bakanikai. Su a wurinsu taki ɗaya a cikin abin da wili ya yarda da shi ba laifi, bambancin kaɗan ne ta kowane ɓangare, wanda ya wuce haka kuma ado ne ake saye da lafiyar tuƙi. Akwai kuma wanda zai ce maka shi dama adon yake so, ba tsere yake zuwa ba, daga gida sai Kornish. Wannan aƙalla ya san abin da ya saya.

Zafinmu, yashinmu da hanyar Hada

Yawancin abin da ake karantawa a kan wannan batu mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojinsu shi ne tayar da aka yi wa babban mashin ba ta yin ɗumi a ƙarƙashin ƙarami, sai ta zauna da tauri. A Makka da bazara, inda zafi ke haura digiri 45 kwalta kuma ta fi haka, wannan hujjar ba ta da ƙarfi sosai, sai dai ga wanda ke hawa Ɗa'if da sassafe lokacin sanyi. Matsalarmu a nan akasin haka ce. Zafi yana tsufar da roba, yana ƙara iskar cikin taya, yana kumbura ta, wato ɗan sararin nan da ke tsakaninta da sarƙa ya ƙara tsukewa. Shi ya sa lambobi huɗun nan na ƙarshen layin DOT da ke gefen taya suka fi faɗi muhimmanci: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Girman da ba a cika nema ba shi ne ke daɗewa a sito, sai a sayar maka da mai faɗi a farashi mai daɗi alhali ta shekara huɗu tana gasuwa.

Yashi da iska ke watsawa a kan titi ba ruwansa da faɗi, in taya ta hau shi a kwance za ta zame ko 130 ce ko 190. Ruwan Jidda kuma da ke zuwa jefi-jefi ya taso da man da ya daɗe a kwalta, nan zanen taya da laushinta ne ke aiki, in ma ruwa ya kwanta mai faɗi ta fi saurin hawa kansa. Hanyar Hada mai hawa daga Makka zuwa Ɗa'if, kwana bayan kwana, ita ce inda duk abin da aka lissafa a sama ke fitowa fili: nauyin juyawa, faɗawa lokaci guda, karkatar wili. A miƙaƙƙiyar hanya mutum zai iya shekara bai gane an yi masa aikin banza ba.

Murur, fahas da ta'amin

A dokar hanya ta Saudiyya, yin gyara ko ƙari a jikin abin hawa wanda zai canja kamanninsa ko kayansa na asali ba tare da bin matakan hukuma ba yana cikin jerin laifuffukan da ake cin tara a kansu, kuma babur abin hawa ne mai lamba da istimara, takardar rajista, kamar mota. Wannan shi ne tushen tsoron da ake ji. Abin da ya kawo saɓanin labarai shi ne ba duk canji ne ke da girma ɗaya ba. Taya abu ne da ke cinyewa ana canja shi kullum, 150 a wurin 140 a kan wilin kamfani ba abin da ya canja a ƙirar mashin. Amma wanda ya sa wani wili, ya yanke magas ko ya yi masa walda, ya ƙera mariƙin birki, wannan ya taɓa kayan asali, kuma galibi irin wannan aikin ba ya zuwa shi kaɗai, tare yake zuwa da yanke wutsiyar da ke riƙe lamba a tura lambar can ƙarƙashi don taya ta fito fili, da salansa mai ƙara. Waɗannan biyun su ne ke jawo ido tun daga nesa, ɓoye lamba kuma laifi ne mai zaman kansa.

Fahas tana duba lafiyar taya, birki da fitilu. Tayar da sarƙa ta goge gefenta, ko birkin baya da ya raunana saboda an canja faranti, ko fitilar ABS da ke kunne, duk abubuwa ne da ake gani ba sai an san tarihin mashin ba.

Ta'amin, wato inshora, shi ne inda mutane ba sa tunani sai abu ya faru. Inshorar wani-da-wani, didda gair, dole ce, wasu kuma suna da shamil mai ɗaukar har ɓarnar mashin ɗinsu. In aka yi hatsari aka rubuta rahoto, ko Najm, kamfanin da ke duba hatsari, ko murur, mashin zai je gaban mai ƙiyasta ɓarna, kuma kamfanin inshora ya karɓi kuɗi ne a kan mashin da ke cikin istimara. Canjin da ba a sanar da su ba ƙofa ce ta jayayya, musamman in aka ga canjin na da hannu a faɗuwar. Haka garantin wakala, wato dillalin kamfani, in boris ɗin giya ya lalace aka tarar da tirs mai tudu a jikinsa ba wanda zai gyara kyauta.

Wa abin ke taɓawa a aljihu

Ga kowa tara ciwon aljihu ce. Ga mai iƙama ta wuce haka, don mukalafa, wato tarar hanya, in ba a biya ta ba tana zaune a Abshir, manhajar gwamnati, tana tare hanya, ba a fitar da bizar fita da dawowa sai an biya. In mashin ɗin da sunan yaya ko kawu aka yi masa rajista, to a kansa mukalafar za ta sauka, rigimar ta shigo gida.

Wanda mashin ne ƙafarsa ta zuwa aiki zai ji abin a man fetur kaɗan, a sarƙa da tirs in layi bai daidaita ba tunda za su riƙa cin juna, sannan a farashin taya duk lokacin canji, don 160 da 180 kuɗin manyan mashina ake sayar da su. Ranar sayarwa kuma a Haraj, kasuwar kayan hannu, kalmar da masu saye ke nema ita ce "wakala", wato yadda ya fito daga kamfani. Mashin da aka yi wa walda a magas masu sayensa kaɗan ne, su ma sai sun karya farashi. Shi ya sa masu dabara in sun canja wili suke ajiye na asali da zobbansa da mariƙin birkinsa a kwali, ranar da za a sayar ko za a shiga fahas a mayar da komai, wanda kuma ya yanke ƙarfe ba shi da wannan damar.

Ga wanda zai je warsha gobe, abin da zai fara dubawa shi ne lambar da ke jikin jant ɗinsa, 3.50 ce ko 4.00, sannan ya buɗe shafin kamfanin tayar da yake so ya ga ko wannan lambar na cikin waɗanda aka yarda da su. In an sa, a auna sararin sarƙa da na magas da abin awo ba da yatsa ba, a sake dubawa bayan an yi tafiya mai ɗan nisa taya ta yi zafi, in akwai baƙin layi ko ƙyalli a gefen robar to wani abu na gogawa. Sabuwar taya kuma tana da santsi, kilomita ɗari na farko ba na hawa Hada ba ne.